Ranar da Mato Ya Yanka Talabijin

Zamanin da talabijin ɗaya ce tak a garinmu, a gidan Baffa Sanda mai gyaran keke take. Yana zaune da matarsa Kuluwa da ɗan ƙanensa Mato, ƙato har da gemu, wanda in ka ce masa zauna sai ka dawo ka ce tashi. Duk Asabar da la'asar yara kan cika gidan don kallon 'yan tsana masu zuwa duniyar wata. Kawunansu manya, zaren da ke ɗaga hannuwansu a fili, suna tafiya kamar masu taka rairayi mai zafi. Jirginsu hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Amma ba yaron da ke ƙifta ido. Na yanzu marasa zare ban ga sun zaunar da kowa haka ba.

Wata rana hoto ya ɓace. Baffa ya ce, "Mato, je ka kamo mana tashar." Mato ya wuce sandar eriya, ya nufi tashar mota, ya rungume ginshiƙin rumfa. Da Baffa ya biyo sawu ya ce, "Na kama, Baffa, ita ce ta ƙi biyo ni."

Wata rana aka ce ya juya eriya har 'yan tsanan su fito. Ya juya, ya dawo ya shimfiɗa tabarma gaban akwatin.

"Inna, dama fura, baƙi za su fito."

Kuluwa ta ce, "Da bakin katako za su sha, shashasha?"

Wata rana ana tsakar kallo hadari ya haɗo baƙi ƙirin, yara suka watse. Baffa zai je kwaso kekunan mutane, ya ce, "Mato, kashe ta." Mato ya ɗauko wuƙa, ya juya talabijin gabas, ya nemi wuya bai samu ba sai wayar eriya. Ya yi bisimilla ya yanka.

Baffa ya shigo ya gani, ya zaro tsohon tub na tayar keke zai zabga masa, sai tsawa ta faɗa kan eriya. Gorar da ke riƙe da eriyar ta tsage biyu, wuta ta biyo waya ta tsaya daidai inda wuƙa ta bi. Talabijin ko ƙwarzane. Baffa ya saki tub, ya zauna a ƙasa yana salati.

Mato ya goge wuƙa a gwiwa ya ce, "Baffa, in feɗe?"