Jar Zuciyar da Kuka Liƙa Mini a Kan Hoton 'Yar Fari

Gargaɗi ga mai karatu: idan ka buɗe wannan takarda don ka samu abin dariyar da za ka kai majalisa, rufe ta tun yanzu, ka je ka nemi aikin yi. Magana ce ta tarbiyya. Ku kuma matan layinmu na Ɗan Iya, na san za ku karanta. To ku karanta baki a rufe.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Manhajar Hirarmu,
da injiniyoyinsa masu zurfin ilimi,
da duk wanda aka ɗauka aiki don ya zauna a bayan allo yana ƙirga motsin bayin Allah.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyayenku, idan har aikin yana barin ku ku je gaishe su.

Ni uwa ce mai 'ya'ya shida. Na gama sakandare tun lokacin da ake duba farce a wajen taron safe, saboda haka kada a ɗauka jahila ce ke magana. A gidana na haramta babbar waya, domin na ga yadda take sunkuyar da kan yara har su manta da gaisuwa. Abin da na yarda da shi kwamfutar tebur ce, wadda maigidana Malam Ladan ya saya da ya yi ritaya. Tana falo, allonta na kallon ƙofa, kowa ya ga abin da kowa ke yi.

Akwai abin da ya kamata ku sani, tunda alama ta nuna ba a koya muku ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tawa ta farin mace ce, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Ibadan, inda mijinta ke aiki. Shekara ashirin da tara ban taɓa furta sunanta ba. Ranar da ta gama makaranta na dafa shinkafa tukunya uku, na ce ban san dalilin taron ba. Ita ce ta buɗe mini shafi a manhajarku kafin ta tafi, don in riƙa ganin jikata ta bidiyo duk ranar Juma'a. Son jika ba laifi ba ne, kowa ya sani.

Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Malam ya yi shekara talatin da biyar a ofis, kuma shi ya koya mini cewa a kwamfuta duk abin da kake son buɗewa sau biyu ake danna shi. Takarda sau biyu, hoto sau biyu. Ranar Litinin da hantsi hoton waccan yarinyar ya bayyana, ita kaɗai, da fararen kayan aiki. Na so in ƙara girmansa don in duba ko ɗankwalinta ya rufe gashi yadda ya kamata, wannan kuwa aikin uwa ne. Na danna sau biyu. Sai ga wata jar zuciya ta fito tsakiyar allo, tana bugawa. Wane ne a cikinku ya zauna ya yanke cewa danna biyu so ne? Da wa ya yi shawara? Ba shi da uwa a gida?

Na biyu. Da abin ya tsaya tsakanina da allo, da na yi istigfari na yi shiru. Amma sai kuka aika wa mutum ɗari da arba'in da uku sanarwa cewa “Zinariya Ladan ta so wannan hoton.” Ko mai shelar unguwa yakan tambayi mai saƙo kafin ya ɗaga murya. Kafin azahar Yagana, ƙanwar Malam, ta hau keke-napep tun daga Ƙofar Wambai, ta shigo mini da sabulu da turare, wai ta zo barka, sai yau labari ya iso musu cewa na haifi 'ya. Ta tambaye ni yaushe ne suna. Matar da in an kira ta gyaran hatsi sai ta ce ƙafarta ke ciwo.

Na uku. Na zauna in cire zuciyar. Na danna, shafin ya daskare, wani ɗan zobe ya kama juyawa. Na sake dannawa. Ashe na farko ya cire ta, na biyu ya mayar. Haka muka yi ta yi, ni da manhajarku, sau bakwai, kuma duk mayarwa sai kun sake yi wa dangi shela. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, zuciyar tana kan hoton. Ba zan ɗora muku laifin wuta ba, ina da adalci.

Na huɗu, kuma a nan ina roƙon ku gyara zama. Washegari na aika aka kira Madam Comfort, mai shagon buga takardu a Gwallaga, mace mai kirki da sanin aiki. Ta buɗe shafinku na neman taimako, muka bi shi daki-daki. Kuka ce a kashe kwamfuta a kunna. Muka yi. Kuka ce a duba wayar bayan kwamfuta ko ta saki. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na leƙa bayan tebur, ba abin da na samu sai ƙura da murfin biro. Kuka ce a sabunta manhajar, muka jira minti arba'in, aka sabunta ta, ta dawo da halinta. Daga nan kuka ce a share tarihin shiga.

Ranka ya daɗe, ban san ana rubuta tarihi ba. Madam Comfort ta danna, sai ga jeri ya sauko, layi bayan layi, kwana da sa'a, shafin mutum ɗaya tak, sau ɗari biyu da goma sha huɗu cikin wata uku. Ni da nake bi ta shafin mijinta don kada in buga sunanta, ashe kuna biye da ni da alƙalami. Baiwar Allah ta kalli allo, ta kalle ni, ta ce, “Mama, wannan nas ɗin tana ba ki magani ne?” Na ce mata ina bibiyar tarbiyyarta ne. Ta ce haka ne, ta kama tari, har na ba ta ruwa. Shin a kamfaninku babu wanda ya san sutura? Baƙo ya shigo gidanku sai ku rubuta sau nawa ya kalli ƙofar ɗaki?

Na biyar. Da aka share tarihin, sai kuka kore ni waje gaba ɗaya, kuka ce in kawo kalmar sirri. Na rubuta ta a bayan kalandar bara, kalandar kuwa an daɗe da shimfiɗa ta a kabad. Kuka ce ba komai, in amsa tambayar tsaro. Tambayar ta fito da manyan baƙaƙe: “Mene ne sunan ɗanki na fari?”

Na san wadda ta zaɓi wannan tambaya, kuma za mu gamu da ita da Sallah. Amma ku wa ya ce ku ajiye irin wannan a cikin jerin tambayoyinku, inda yara marasa ta ido za su same ta?

Madam Comfort ba ta san sunan ba, bayan tafiyar yarinyar ta buɗe shago. Ta ce, “Mama, faɗa mini in buga, ai suna ne kawai.” Na dubi Malam, wanda shi ma bai taɓa kiran sunan ba. Nan take ya tuna ana jiran sa a masallaci, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ƙannen yarinyar kuwa, ni da na hana su waya ba zan tsaya a gabansu ina roƙon a buɗe mini shafi ba. Na sa aka buga “Babba.” Kuka ce ba daidai ba. Na sa aka buga “Waccan.” Kuka ce saura dama ɗaya, in na kuskure za ku rufe shafin. Juma'a saura kwana uku, jikata kuma ta fara koyon tafiya, an ce za a nuna mini.

Na ce wa Madam Comfort ta je kicin ta duba mini ko wake ya nuna, alhali ban ɗora wake ba. Ta tafi, Allah ya yi mata albarka, ta daɗe tana dubawa. Na rufe ƙofa, na saki labule. Na buga da yatsa ɗaya, baƙi shida, bakina a rufe.

A nan dole in yaba muku, domin ba na cin haƙƙin kowa. Da na buga, ɗige-ɗige ne suka fito maimakon baƙaƙen. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan a cikinku, shi kaɗai ne ya samu tarbiyya. A ƙara masa girma.

Shafin ya buɗe. Zuciyar tana nan inda take. A ƙarƙashinta waccan yarinyar ta rubuta, a gaban mutum ɗari da arba'in da uku: “Na gani, Umma. Sau bakwai.” Na karanta, na sake karantawa. Hasken allonku yana sa ido ruwa, wannan ma ku duba shi.

Buƙatuna biyu ne. Ku yi wa iyaye maɓalli nasu, wanda in an danna zai ce “Allah ya yi albarka,” kuma kada kowa ya gani, har wanda aka yi wa. Sannan Madam Comfort ta ce yanzu da danna ɗaya za a iya cire zuciyar. Na hana. Ku ma kada ku taɓa ta. A bar ta a wurin ta zama shaida a kanku.

Ina roƙon afuwa idan na ɗauke ku daga muhimmin aikin ƙirga mutane. Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ba shi kunya ko kaɗan ce.

Taku mai biyayya matuƙa, wadda ba ta so kowane hoto ba,

Hajiya Zinariya Ladan
Unguwar Ɗan Iya, Bauchi

Kwafi ga mutanen gidana, har da Malam, har da Yagana duk da ba a nan take kwana ba. Daga yau, kullum tsakanin la'asar da magariba ƙofar falo a rufe take, ina duba tarbiyya. Ba sallama, ba leƙe ta taga. Wanda ya ambaci zuciyar nan a gidana zai wanke tukwane na mako guda. Wanda ya cire ta kuma, ya nemi wani gidan.