Uban Baƙin Toowoomba

Allah ya yi wa garin Toowoomba gata da ya ba shi Mista Graeme Tuckwell, shugaban ƙungiyar tarbar 'yan gudun hijira. Uban Baƙi ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan don ya hutar da jama'a. Duk baƙon da ya sauka "abokina" yake kiransa, saboda zuciya mai faɗi irin tasa ba ta da wurin ajiye sunaye.

Cikin waɗanda suka ci albarkacinsa akwai Nofa, Bayazidiya, wato 'yar wata ƙaramar ƙabila daga Iraƙi. Tun zuwanta take cunkushe da 'ya'yanta uku a ɗakin otal guda, suna girki a gefen gado. Ranar Asabar aka sami gidan haya kusa da makarantar yaran. Dillalan garin kuwa ɗan lokaci kaɗan suke buɗe ƙofar gidan haya don masu dubawa, wanda bai leƙa da idonsa ba kada ma ya sa rai.

Nofa ta ce za ta hau bas. Ran Uban Baƙi ya ɓaci.

"Bas, ina raye? Ai ni ne ƙafarki a ƙasar nan, ƙanwata."

Ya iso a makare, domin ya tsaya wurin gashin tsiran alade da ake sayarwa don tara kuɗin taimako, kuma mai ɗaukar hoto bai zo da wuri ba. A hanya ya ratse lambun gari, ya nuna mata bencin da aka manna wa sunansa. Nofa tana duban agogon mota, shi yana ba ta labarin ranar da aka buɗe bencin.

Sun tarar da dillaliya tana zare makulli. Uban Baƙi ya gyara wuyan riga.

"Yarinya, kin san ko ni wane ne?"

"A'a, Baba. Amma matsar da motarka, ka tare ni."

Wasu ma'aurata da suka zo a bas su aka ba gidan. Nofa ta zauna a kujerar baya tana hawaye, tana tunanin abin da za ta gaya wa yaran da suka riga suka raba ɗakuna a tsakaninsu. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya miƙa mata hankicinsa.

"Daure, za ki saba. Mu nan ba ma wasa da lokaci."

A taron ƙungiya ya yi jawabin da ya ratsa shi kansa. Ya ce baƙin nan mutanen kirki ne, sai dai agogo bai dame su ba. Nan take ya ƙirƙiro ajin koyar da kiyaye lokaci, ya kuma sadaukar da kansa ya zama malami.

Ranar farko zauren ya cika tun kafin a buɗe tagogi. Nofa tana layin gaba, ta zo a bas daga otal. Har shayi ya huce malam ake jira.