Rasuwar Sha-Wuta, Kaskon Narka Ƙarfen Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda aka bincike gidan kaf aka samu ƙwaya ɗaya tak a ƙirjin Baba, ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Sha-Wuta, kaskon narka ƙarfe. Ya cika ranar Asabar da hantsi a garejin gida, a gaban shaidu, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya tafi bai cimma babban burinsa ba, wato haɗiye ƙatuwar tukunyar da Umma ta gada daga mahaifiyarta.

Marigayin ya shigo gidan ne bayan Baba ya yi ritaya daga aikin ofis da hannuwa masu laushi, waɗanda ba su taɓa canja ko ƙwan fitila ba. Mariƙin ƙofar banɗaki ne ya karye. Umma ta ce a kira kafinta. Baba, wanda ya kwana biyu yana kallon masu zubin ƙarfe a waya, ya ce namiji ba ya kiran wani namiji a kan mariƙin ƙofa. Aka fitar da mota ta koma kwana a rana, aka yaɓe tsohon bokiti da laka aka kira shi murhu, sannan Sha-Wuta ya iso cikin kwali, a naɗe kamar jariri.

Duk wanda ya san shi zai shaide shi da rashin tsangwama. Bai taɓa mayar da abin da aka ba shi ba. Ya fara da gwangwanayen lemo, ya haura zuwa cokula, ya ci butar shayi, ya ci eriyar talabijin, ya bi murafen tukwane ɗaya bayan ɗaya har Umma ta koma rufe girki da faranti. Daga baya farantin ma ya bi sahu. Umma takan jawo durowa ta tarar da wayam, ta tsaya ta kasa kunne, sai ta jiyo muryarsa daga gareji yana fuuu, fuuu, yana ɓul-ɓul kamar mai kurkure baki. Nan take ta san makomar ludayinta.

Ba za a ce bai bar abin tunawa ba. Akwai wani dunƙule da Baba ya ce doki ne, baƙi kuma suke yaba shi a matsayin kwaɗo. Akwai makulli mai nauyin guduma da bai san ƙofarsa ba. Akwai kuma mariƙin da aka yi duk wannan ɗawainiya dominsa, wanda ya fito da ramuka kamar soso, ya karye a hannun surukin gidan ranar da aka ƙaddamar da shi, bawan Allah yana daga ciki. Kunya ta hana shi kira, sai da aka neme shi. Har yau ƙusa da igiya ke riƙe da ƙofar.

A irin waɗannan ranaku aminan Baba biyu ne ke dafa masa: likitan haƙori, da Kawu Mai Awo, wanda ba ya rabuwa da ma'auninsa. Sukan kewaye dunƙulen su duƙa, Kawu ya auna tsawo da kauri kamar akwai wanda ya tambaye shi, sannan su yanke hukunci. Yashin ne bai yi laushi ba. Gawayin ne na banza. Iskar ce ta juya. Manyan mutane uku masu furfura, ba a taɓa jin ɗayansu ya zargi hannun da ya zuba ba.

A ƙarshe suka haɗu a kan cewa ƙarfen zamani ne ba shi da albarka, sai an samu na da, mai kauri. Baba ya ɗaga ido ya dubi saman kabad ɗin kicin. Ya bayyana wa Umma cewa yara sun watse, babu sauran mai cin girkin tukunyar da za ta ciyar da unguwa, kuma ranar Asabar za a sassare ta a zuba wilin injin gyaran ƙarfe da yake shirin haɗawa. Ya ƙara da cewa tarihi zai tuna da ita. Umma ta dubi tukunyar da ta dafa abincin bikinta da na sunan kowane ɗa a gidan, ta ce, "To."

Marigayin yana da lalura ɗaya tun haihuwa: ba ya jure laima. Baba ya sha yin lacca a kan haka lokacin cin abinci, cewa jikin kasko na shan ruwa a ɓoye, in ya haɗu da wuta mai ƙarfi sai tururi ya tsaga shi daga ciki. Shi ya sa yake ajiye shi a saman sif, cikin tawul ɗin da ya fi na kowa kyau. Baba ya ɗauka babu mai sauraronsa, kuma yana da gaskiya a kan kowa ban da mutum ɗaya.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Umma ta san karin maganar, sai dai ita ba gemu ta shafa wa ba. Ranar Juma'a, Baba na can wurin masu gwangwan, ta sauko da marigayin ta jiƙa shi a baho wuni guda, ta goge bayansa tsaf, ta mayar da shi cikin tawul.

Washegari shaidu suka hallara, an kife tukunyar a bakin gareji, zarto na gefenta. Ƙa'ida ita ce a ɗumama kasko a hankali, amma Baba na son burge abokai, sai ya saki iskar zugazugi gaba ɗaya. Marigayin ya yi tsuwwa, ya yi ƙyas, ya sake ƙyas. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce tas. Babu wanda ya ji rauni, in ban da martabar likitan haƙori, wanda aka tsinto a bayan mota da takalmi ɗaya. Kawu Mai Awo ya auna tsagar, ya tabbatar da cewa tsaga ce.

Da Baba ya ga baho da baƙin ruwa a bayan kicin, ya tambayi Umma ko ta san wani abu. Ko kai ba ta ɗago daga yankan albasa ba.

"Malam, tukunya ba ta kwana da dauɗa a gidana. Ai har godiya na zaci za ka yi."

Marigayin ya bar awartaki guda, magagari biyu da suka dakushe, buhun yashi, na'urar busar da gashin Yaya, babbar 'yar gidan, wadda aka tilasta wa aikin zugazugi har ta shaƙe, da kuma Baba, wanda har yanzu ke zama a gareji yana haɗa gutsattsarin yana rabawa.

Za a kai shi makwancinsa gobe da safe, idan motar shara ta zo, tunda mai gwangwan ya duba ya ce shi ba ya ɗaukar kasko. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da adireshin inda ake sayar da wani, kuma za a duba aljihun Kawu a bakin ƙofa. Baba zai karɓi gaisuwar maza a gareji. Umma za ta karɓi ta mata a tsakar gida, a zaune daram a kan tukunyarta, kuma ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga an mayar da mota ciki.