Gangunan da Suka Binne Sarewa

"…lafiya lau, ya Gwaggo? Au, ashe bawan nawa na ciki. Shi ne ka ji sallamar uwar ɗakinka ba ka taso ka karɓi jaka ba?"

'Yar Kawu ce ta leƙo ɗakinmu, ta kawo wa Inna ɗinki. Ƙanena Auta bai ko ɗago ba. Tun safe yake zaune a gaban tsohuwar kwamfutarsa, ya jingina katifa da bango don kada sauti ya yi amsa-kuwa. Ya shiga wata gasa ta intanet, inda ake ɗauko kiɗan wasan bidiyo a sake masa tufa. Shi ya zaɓi na wasan ɗan kwale-kwalen da suka taso suna bugawa shi da ita, mai wata siririyar sarewa. A ranar ake rufe karɓar gyara. Wani ɗan gasar ya rubuta masa cewa kunnensa ya yi ciwo, mu kuma a gida kowa ya ce ya yi daɗi. Auta ya rasa na kamawa, ya ce janyewa zai yi.

Ni ma taubashinta ne, amma ta daɗe da sallamata, wai tsokanar wanda ba ya ramawa asarar yawu ce. Sai na ja mata kujera.

"Me aka yi wa wannan, fuska kamar an aiko masa da sammaci?"

"Ke dai ajiye tsummokaranki ki kama hanya," in ji Auta. "Telar da ke ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Hannunka ne ɗaya ya fi ɗaya, saboda miƙa shi cikin kwanon mutane. Yaya, me ya same shi?"

Na gaya mata. Ta tafa hannu.

"Janyewa? Kunna min in ji abin kunyar da ka jawo wa dangi."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Ai ka riga ka tashi, har zani ya faɗi. Kunna."

Ya kunna. Na lura ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana kaɗa yatsa a gwiwa har kiɗan ya ƙare, sannan ta ɗago.

"Inna lillahi. Maƙera nawa ka ɗauka haya?"

"Ganguna ne, jahila. Haka ake yayi."

"To ina sarewar?"

"Tana ciki mana."

"Tana ciki kamar yadda allurata ke cikin buhun ƙyallaye. Na jiyo ta tana ihu a zo a cece ta. Kai, wa ya taɓa son wasan nan don ganga? Sarewar nan muke bi da baki har Gwaggo ta kore mu. Ka gayyato amarya, ka sa 'yan rakiya sun zauna a kanta."



"Sannan wurin gada," ta ci gaba. "In kwale-kwale ya shiga ƙarƙashin gada me ke faruwa?"

"Kiɗa ya ɗauke."

"Kai kuma me kake yi a lokacin?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Riƙe numfashi kake yi, ido waje kamar kwaɗo, sai sarewa ta dawo ka sauke. Yanzu ka zo ka cusa wata ƙara a wurin. Shirun nan ya ci maka bashi ne?"

"Tsoro na ji kada alƙalai su ce na bar rami."

A hankali ya faɗi wannan, ba da wasa ba. Ita ma ta ɗan sassauta murya.

"Ramin maɓalli ma rami ne, amma in ka ɗinke shi riga ba ta ɓalluwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, Bawa. Abu biyu ne kacal: ka ja gangunan baya, ka mayar wa gada shirunta."

Auta ya kama linzamin kwamfuta, sai kuma ya sake shi. Na ga gefen bakinsa ya motsa, na san ya samo mata tarko.

"Ba zan karɓa ba. Dokar gasa ta ce duk mai sharhi sai ya faɗi abin da ya yi kyau kafin a saurari gyaransa."

"Ni? In yabe ka? Tun kana yawo ba wando ban taɓa ba."

"To a bar shi. Yaya, ina wurin janyewar nan?"

"Ya yi kyau da ya ƙare."

"Ba a karɓa ba."

"Ya yi kyau da maƙwabta ba su ji ba."

"Ga yatsana a kai, zan danna."

Ta harare shi, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Sai ta juya kujerarta gaba ɗaya, ta ba shi ƙeya.

"Yaya, da kai nake magana, ban san da kowa a ɗakin nan ba. Ka gaya wa wani mutum, can wajen ƙarshe, inda ya rage gudun kiɗan ya bar sarewa ita kaɗai da wani ƙas-ƙas a ƙarƙashinta, tsigar jikina ta tashi. Wanda ya yi wasan ma bai yi tunanin wannan ba. In ya janye, ya cuci wurin nan."

Na juya na ce, "Auta, an ce in gaya maka…"

"Na ji!" Dariya ta ƙwace masa har da buga tebur. "Yaya, ka tambaye ta, ta san mene ne ƙas-ƙas ɗin?"

"Na sani mana," ta ce, har yanzu ba ta juyo ba. "Keken ɗinkina ne. Ka zo shago wai cajin waya, ka ajiye ta a ƙarƙashin teburina. Ɓarawo. Shi ya sa wurin ya yi daɗi, ni na buga."

"Shi ke nan, kin ci. Uwar ɗakina, a yi haƙuri a juyo."

Ya ja gangunan ƙasa, ya share ƙarar da ke kan gada. Sannan ya zare abin sauraron da ko ni ba ya bari in taɓa, ya miƙa mata kunne ɗaya.

"Ɗaya? Rowa har a kunne?"

Ya ba ta duka biyun. Ta sa, ya kunna, mu muna kallon fuskarta kawai. Can sai na ga kafaɗunta sun ɗaga sun tsaya, ta riƙe numfashi. Na taɓa Auta na nuna masa.

"An iso gada," ya raɗa min. "Kwaɗo."