Yadda Ake Ƙera Manhajar Kira Mai Haɗiye Gaisuwa

Kai mai son ƙera manhajar da za ta ɗauki murya da hoto a kowace waya da kowace kwamfuta, matso kusa. Karatuna bai yi nisa ba, amma a kaina ɗan ƙanena Injiniya yake gwada tasa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai kama ka da laifi.

1. Gwada a waya ɗaya tak

Taka. Sauran wayoyin duniya ai danginta ne. In wata ta nuna mutum a kife, ce wa mai ita ya juya ta. In hoton ya sake kifewa, ce masa ya kwanta. Ni a kwance na fara ganin jikata, ƙafafu sama kamar jemage. Gwanin sha'awa.

2. Bar amsa-kuwwa ta sha iska

Lasifika ta zubo magana, makirufo ya kwashe ya mayar. Ranar farko na ce, "Sannu." Wani dattijo ya ce, "Sannu." Na ce wa Injiniya, "Kai, mutumin nan akwai ladabi." Ya ce, "Baba, kai ne fa." Har yau ban gama yarda ba.

3. In an matsa maka, yanka

Koya wa manhajar cewa duk sanda murya biyu suka haɗu, ɗaya hayaniya ce, ta haɗiye ta. Kada ka tuna cewa mu ba ma jiran juna a gaisuwa. Mai ilimi ba ya tuna irin wannan.

4. Daskarar da hoto a inda ya fi muni

'Yata Auta ta kira daga nesa. "Baba, ina wuni? Ya jiki? Ya ƙafar?" Ina ta amsawa a kan maganarta: "Lafiya lau, da sauƙi, madalla, ya maigidan?" Manhaja ta lashe duka. Hotona kuma ya tsaya daidai inda nake yamutsa fuska zan yi atishawa.

"Baba, ka yi shiru? Me na yi maka?"

Na ce, "Ba komai, uwata!" Manhaja ta haɗiye wannan ma.

5. Ɗora wa sabis laifi

Ba shi da baki, ba shi da dangi. Da na kai masa kuka, Injiniya ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "A wayata lafiya lau take."

A kula

Duk zumuncin da ya tsinke, ba ruwan mai wannan rubutu. Auta ba ta sake kira ba, nawa ma ba ta ɗauka. Na sa an mayar min da tsohuwar manhajar, ina gaisawa da dattijon nan mai ladabi. Amma in hanya ta haɗa ka da Auta, gaya mata na amsa. Wallahi duk na amsa.