Yadda Mai Gyaran Agogo Zai Zaɓi Littafin Tururi Kafin 'Yarsa Ta Iso

Idan kai mai gyaran agogo ne, autarka da ke jami'a za ta zo hutun kwana biyu, kuma hirarku ta ƙarshe ba ta wuce "Ya karatu?" da "Lafiya lau, Baba" ba, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin hirar minti goma cur da 'yarka, babu shiru a tsakani.

1. Samo sunan abin da take karantawa

Kada ka tambaye ta, girma zai zube. Tambayi mahaifiyarta, wadda ake yin wayar awa guda da ita kana zaune kamar kujera.

"Wai shi sitimfank," za ta ce maka.

"Ana warkewa?"

"Kai, Malam! Labarai ne na duniyar da ba ta san fetur ba. Komai da tururi yake tafiya, har jirgin sama."

Gyaɗa kai kamar ka daɗe da sani. Rubuta sunan a bayan katin aiki kafin ya gudu.

2. Shiga shagon littattafai da fuskar mai aike

Mai shagon zai kalli furfurarka, ya kalli katin, ya ce, "Baba, kai za ka karanta?" Ka ce na wani maƙwabci ne. Masana sun tabbatar cewa rabin littattafan duniya maƙwabta ake saya wa.

3. Duba bango da idon sana'a

Za ka ga mutane da dogayen huluna da tabarau irin na masu walda, alhali babu mai walda a cikinsu. Ƙyale su. Nemi wili mai haƙora, irin na cikin agogo. Idan an zana guda uku kowanne ya ciji sauran biyun, mayar da littafin. Wili uku a haka ba sa juyawa ko da an tura su da jirgin ƙasa.

Mai shagon zai ce, "Ai ado ne kawai." Kada ka tanka masa. Ni sai da na mayar da goma sha ɗaya kafin na ɗauki biyu.

4. Karanta har shafi na arba'in

Ajiye littafin a aljihun teburin aiki, kusa da murfin gwangwanin madara da kake tara ƙananan kusoshi. Abu ɗaya za ka nema: wa ke gyara injin idan ya lalace? In ka kai shafi na arba'in babu wanda ya wanke baƙin mai a hannunsa, marubucin bai taɓa kwance ko fitila ba. In kuwa akwai mai gyara, ci gaba, ko da jarumin sakarai ne.

Masu agogo za su zo karɓa. Ka ce musu aikin yana buƙatar nazari.

5. Haddace jimla ɗaya

Tawa ita ce: "Ni a ganina, jirgin ya fi matuƙinsa hankali." Gwada ta a kan telan da ke shagon kusa. Idan ya dakatar da keke ya ce, "Maƙwabci, lafiya kuwa?" to ta nuna.

6. Ranar da ta iso

Za ku zauna a falo. Za ka ce, "Ya karatu?" Za ta ce, "Lafiya lau, Baba." Jimlarka za ta bi iska. Za ka ji tsoron nan da ka daɗe kana ɓoyewa, cewa yarinyar ta yi maka nisa kuma ba ka san hanyar ba.

Sai idonka ya faɗa kan littafin da ke cinyarta. A bangonsa wili uku, kowanne ya ciji biyu. Shawarata ita ce ka yi shiru. Ba za ka iya ba.

"Auta, wannan fa ba zai juya ba."

Za ta kalle ka, ta tashi ta bar falon. Kada ka bi ta, zauna ka tsine wa bakinka. Can za ta dawo da littafin rubutu mai kauri, ta durƙusa kusa da kujerarka.

"Baba, nawa nake rubutawa. Wata shida ina son ka duba mini injin, ina jin nauyi. Na ɗauka za ka ce shirme ne."

7. Karanta shafin farko

Akwai wani tsoho a ciki, mai gyaran agogon wani birni da ke shawagi a sama. Yana tara kusoshinsa a murfin gwangwanin madara. Maza ɗauko gilashin aiki ka maƙala a ido ɗaya. Ɗaya idon kuwa babu dabara, sai dai ka bar shi ya yi abin da zai yi.

Sannan ka gyara murya ka ce tukunyar tururinta za ta fashe a shafi na uku. Miƙa hannu ta ba ka biro.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abincin da ya huce, ko masu agogo da suka yi fushi, ko sanƙo da taurin kan da aka ɗora wa tsohon cikin labarin. Alkawarin minti goma ma na janye shi, don ba ni da shaida. Shekara talatin ina sana'ar nan, ranar ce kaɗai na manta ban duba agogo ba.