Ranar da Baƙuwar Injiniya Sai-Ni Ta Sandare

Allah Ya yi wa gidan buga takardun nan baiwa biyu: katafaren injin bugu, da kuma Injiniya. Injin saye aka yi. Injiniya kuwa aure ne ya kawo shi, don shi ke auren autar Inna, mai gidan bugun. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana zuba ta aljihu: sukundireba uku a gaban riga, filas na adana bayanan kwamfuta a wuya kamar laya, ga tabarau da ba ya sawa sai an yi baƙi. In firinta ta cinye takarda, sai shi. In maus ya ƙi tafiya, sai shi. Tun ma'aikata suna cewa "sai Injiniya" har suka gajarta, suka raɗa masa Sai-Ni. Ya ji sunan, ya ɗauka sarauta ce.

Shi dai injin bugun tsoho ne mai taurin kai, ba ya jin maganar kowa sai ta wata tsohuwar manhaja da kwamfutocin zamani suka daina ɗauka. Don haka aka gina mata ƙaramar kwamfuta ta wucin gadi a cikin babbar kwamfutar ofis, take zaune a can cikin rufin asiri. Injiniya yana kiran ƙaramar "baƙuwa", babbar kuma "mai masauki". Shekara da shekaru suna zaman lafiya.

Wata safiya aka kawo aikin takardun jarrabawar wata makaranta, jibi yara za su zauna. Ranar ce Injiniya ya zaɓa ya sabunta kanel, wato jigon tsarin kwamfuta da ke haɗa ƙarfe da manhaja. Ba wanda ya roƙe shi. Ya tara ma'aikata, ya sa tabarau.

"Ku shaida," ya ce, "yau zan fitar da gidan nan daga duhu. Wanda ba ya sabuntawa, tarihi zai sabunta shi."

Mai yankan takarda ya tafa, don ya ga ana jiran tafi.

Aka sabunta, aka sake kunnawa. Mai masauki ta tashi garau. Injiniya ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya sauke shi a kan maɓallin tayar da baƙuwa. Kibiyar maus ta tsaya cak. Agogon kusurwar allo ya tsaya. Ya daddanna kibod, ko gezau. Fanka kaɗai ke kuka a cikin akwatin.

"Tunani take yi," in ji shi. "Manyan na'urori ba sa gaggawa."

Ta yi ta tunani har shayinsa ya huce. Ya danne maɓallin wuta ya kashe ta da ƙarfi, abin da ya sha hana mutane da dogon wa'azi. Ya sake kunnawa, ya sake tayar da baƙuwa, ta sake sandarewa, ta ja mai masauki suka sandare tare.

Nan fa bincike ya kankama. Da farko ya tuhumi ƙura, ya sa aka buɗe akwatin aka hure. Sannan ya zare ƙwaƙwalwar na'urar, ya goga a hannun riga, ya mayar. Sannan ya tuhumi mai shara, wai tsintsiyarta ta taɓa waya. Daga ƙarshe ya buɗe bayanan da kwamfuta ke rubutawa game da kanta, ya yi ta gyaɗa kai a gaban layukan da ke gudu, alhali zufa na bin bayan kunnensa.

"Na kama ɓarawon," ya ce. "Direba ne. Direban baƙuwa bai dace da sabon kanel ba."

Direban motar kai kaya, da ke cin gyaɗa a bakin ƙofa, ya miƙe. "Ni? Wallahi ko ɗakin nan ban shigo ba yau!"

Sai da aka sha fama kafin ya yarda cewa wata 'yar manhaja ce ake kira haka. Gaskiyar magana Injiniya ya canka daidai. Saura maganin, wanda ya san tabbas ya taɓa sani, amma ya laluba kansa kaf bai samu ba.

Bayan azahar shugaban makarantar ya bugo waya karo na biyu, sai ga Inna ta fito daga ofishinta. Ba ta taɓa kiran sunan surukinta ba, ba ta kuma taɓa ɗaga masa murya ba. Ta jawo kujera ta zauna a bayansa, ta ɗora jaka a cinya.

"Mijin Auta, ina ce dai lafiya?"

Ya ɗan rusuna. "Lafiya lau, Inna. Ƙaramin abu ne. Zan dai leƙa zauren masana na intanet in ga ko ra'ayinsu ya zo daidai da nawa."

Don kowa ya ga irin zauren da yake shiga, ya haɗa laftof ɗinsa da babban allon bango. Ya rubuta matsalar. Sai ga wani tsohon saƙo, kamar shi ya rubuta: an sabunta kanel, an tayar da baƙuwa, komai ya daskare. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya gangara ƙasan shafin da sauri. Mai tambayar ya dawo ya ƙara layi ɗaya: "Ku bar shi, na gyara da kaina. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya sani."

Shi ke nan. Ba yadda aka yi, ba inda aka taɓa.

Injiniya ya cire tabarau ya buga tebur. "Kun gani? Irin waɗannan ne suka hana duniya ci gaba! Marowaci! Ɗan fankama! Ya sami magani ya haɗiye shi kaɗai. Wannan ko gaisuwa bai cancanta ba. Ina tausayin matar da ke zaune da shi, ina tausayin gidan da suka ba shi 'ya!"

A ƙasan saƙon mutane ne jere, kowa na roƙon a faɗa masa yadda aka yi, wasu da magiya, wasu da zagi. Can ƙarshe wani bawan Allah ya rubuta cewa tsohon kanel bai tafi ko'ina ba: a zaɓe shi daga jerin da ke fitowa lokacin kunnawa, a ci gaba da aiki da shi har a sake gina direban don sabon.

"Daidai da ra'ayina," in ji Injiniya.

Ya kunna, ya zaɓi tsohon, ya tayar da baƙuwa. Ta buɗe ido kamar ba ita ba. Injin bugu ya yi tari, ya fara aman takardun jarrabawa masu ɗumi. Mai shara ta yi guɗa, direba ya yafe wa kowa. Injiniya ya mayar da tabarau, ya gyara murya zai yi jawabin nasara.

"Mijin Auta," Inna ta ce, idonta na kan allon bango, "ɗan koma sama. Wurin marowacin nan."

Ya koma. A gefen saƙon akwai suna, Zakin Na'ura, da ɗan ƙaramin hoto. Ta ce a buɗe shi. Hoton ya cika bango: saurayi siriri, kansa cike da gashi, yana murmushin ango. An yanke wadda ke gefensa, amma kafaɗarta ta rage, ga kuma labule mai furanni a baya.

Mai yankan takarda ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba.

Inna ta daɗe tana kallo. "Labulen falona ne wannan," ta ce. "Kafaɗar ma na santa, ni na haife ta."

Injiniya ya zare tabarau ya cusa a aljihu.

Ta miƙe, ta rataya jakarta, ta dube shi cikin ladabin surukai.

"Mun gode da tausayawa," ta ce. "Zan isar wa Auta nata kason."